Shafin Mujiya

Labaran ya karɓi littafin daga hannun ƙanwarsa, ya karkata shi wajen hasken ƙofa. Yankan a miƙe yake, daf da ɗinki, babu ko ɓurɓushi. Ba aikin yaro ba ne, ba kuma na ɓera ba. Reza ce, a hannun wanda ya saba yanka fata.

"Falle uku," in ji Zalihatu. "Ungulu, gaggafa, mujiya."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Tana zaune a bakin katifa, hannuwa a cinya, tana kallon ƙasa kamar tsohuwar da aka kawo wa labarin rasuwa.

Littafi ne na yara, da Faransanci, mai bango mai tauri, a kan tsuntsaye masu farauta. Kowane tsuntsu da hotonsa mai launi cike da shafi, a bayansa kuma bayanin abin da yake ci, da inda yake sheƙa, da faɗin fikafikansa. Na Madam Akisi ne, malamar ajin ƙarshe a lakwal, makarantar bokon unguwa. Tana da wani ɗan kabad a bayan aji da littattafai kamar talatin, ita ta tara su da kanta, kuma biyar na gaba-gaba a aji kaɗai take bari su tafi da ɗaya gida. Ran Litinin da safe takan tsaya gaban aji ta buɗe littafin da aka dawo da shi falle-falle, kowa yana kallo. Bara wani yaro ya dawo da nasa uwarsa ta naɗe soyayyar ayaba da shafi guda. An zane shi gaban tuta, aka soke sunansa, Madam kuma ta faɗi maganar da har yau ake maimaitawa: 'ya'yan 'yan kasuwa ba su san bambancin littafi da takardar ƙosai ba. Zalihatu ce ta farko daga gidajen Hausawan unguwarsu ta Williamsville da aka sake ba wa aro tun daga ranar.

Yau Lahadi ce.

Ta ce masa ran Alhamis da yamma Baba ya same ta tana karatu, ya karɓa yana kallon hotunan, har yana tambayarta sunayen. Ta ji daɗi, ta bar masa ta je tayar da wuta. Sai da safen nan da ta zo nannaɗe shi a leda ta gani. Ta ƙara da cewa gobe ba za ta je lakwal ba. Ba gobe kaɗai ba.

"Saura wata biyu jarrabawa," in ji shi.

"Na sani, Yaya."

Ya sa takalminsa. Innarsu tana tsakar gida tana wanke tukwanen waina, maƙwabta na layin famfo da bokitai. Ta dube shi da littafin a hammata, ta ce ya bi a hankali, ya san halin ubansa. Ya ce ya sani.

Rumfar mahaifinsu, Alhaji Inusa, tana can ƙarshen kasuwar Adjamé, a layin masu kayan magani, inda wari ke riga ido isa. Shekara talatin ke nan da ya zo daga Tawa da buhu ɗaya na saiwoyi. Yanzu rumfar cike take har rufi: sassaƙe-sassaƙe, ƙahoni, busassun hawainiya a tsire kamar nama, fatun damo, kawunan tsuntsaye a jere a faranti, idanunsu sun koma ramuka. A nan Labaran ya girma, kuma har yau in ya shigo layin sai ya riƙe numfashi.

Tun daga nesa ya hango ungulu. An kafe ta da ƙusa a jikin ginshiƙin rumfar, daidai tsayin ido, iska na kaɗa gefenta.

Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya jira har wata 'yar ƙabilar Baule mai sayen ƙaro ta tafi. Alhaji bai musa ba. Shi a wurinsa ma abin a yaba masa ne. Ya ce shekara da shekaru yana shan wahalar suna. Baule ya zo da sunansa, Jula da nasa, maharbin da ke can Dakoro da nasa. Sau biyu yana aikawa a kawo masa gaggafa, ana kawo masa shirwa, bayan wata guda ana jira. Sai ga abu Allah ya kawo har ɗaki, tsuntsu kamar ya yi magana. Yanzu mai saye nuni kawai yake yi da yatsa.

"Takarda ce, Labaran. Sun fi hamsin a ciki. Uku na ɗauka."

"Ba namu ba ne, Baba. Aro aka ba ta."

"To sai a mayar. Ga shi nan a hannunka, bai rame ba."

Labaran ya yi masa bayanin Litinin, da tuta, da bulala. Alhaji yana sauraro yana kore ƙudaje da wutsiyar saniya. Da ya gama sai ya ce in lakwal za ta wulaƙanta yarinya a kan takarda uku, to ta zauna gida, ba a kan ta aka fara ba. Uwarta ma na neman hannu wajen waina. Ya faɗi haka ba da fushi ba, kamar mai faɗin cewa hadari ya haɗo.

Labaran ya miƙe ya zare ƙusar da farce da haƙuri, don kada ramin ya ƙaru. Ya sa ungulu a mazauninta cikin littafin. Ya tambayi sauran biyun.

Gaggafa tana wurin Kailu direba, zai kai wa maharbin, kuma bayan azahar zai tashi. Mujiya kuwa Malam Ɗantani na unguwar Arras, can Treichville, ya karɓa ran Juma'a. Ya zo neman kan mujiya bai samu ba, ya ce a ba shi hoton ya nuna a kasuwar Treichville ko wani yana da shi.

"In ka ga dama ka bi su," in ji Alhaji. "Ka ga ba ka da aikin yi."

Maganar ta shige shi, don gaskiya ce. Tun da kamfanin fiton kaya na bakin tashar jiragen ruwa ya rage ma'aikata, a wannan shekarar da komai ya tsaya, har wuta ma sai an ga dama ake kawowa, Labaran ya koma zama gaban gidan waya da tsohuwar tafireta yana buga wa mutane wasiƙu. Wata rana biyu, wata rana babu.

Tashar manyan motoci taɓo ce da baƙin mai. Ya tsallake kwatami, ya ratsa tsakanin masu turin baro da mata masu garwar ruwa, har ya sami motar Kailu, an ɗaure mata huhunan goro har sama, an rufe da tampol. Kailu na gindin motar a kan tabarma tare da direbobi huɗu ko biyar, ana dafa shayi. Mutumin Madawa ne, ƙato, mai dariya da dukan jiki, mai tsokanar Labaran da kira irin na Faransawa.

"Mushe Labaran, manyan gari. Yau ina karafat ɗin da ake ɗaurawa a wuya? Ko an jinginar?"

Aka yi dariya. Labaran ya gaisa da kowa, ya tsuguna kusa da Kailu, ya faɗa masa a hankali cewa takardar da Baba ya ba shi ya zo karɓa. Kailu ya girgiza kai. Ya ce Alhaji da hannunsa ya ba shi, ya kuma ce ya damƙa ta hannu da hannu. Shekara goma sha biyu yana ɗaukar saƙon Alhaji, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. In ana son ta, Alhaji ya zo da kansa, ko ya aiko da wani babba. Amana ce. Ya faɗi kalmar da ƙarfi don sauran su ji, suka gyaɗa kai.

Labaran ya dubi rana. In ya koma kasuwa, Baba ba zai taso ba. In ya tsaya lallashi, za a kira azahar, mota ta tashi, gaggafa ta kwana Buwake. Ya san abin da zai sa Kailu ya ba shi, ya kuma san abin da zai biyo baya. Ya ji gajiyar abin tun kafin ya buɗe baki.

Ya buɗe littafin a kan tabarma, ya nuna musu hatimin lakwal, ya nuna wurin yankan.

"Amanar da ya ba ka, daga amanar wani ya yanko ta. Aro aka ba ƙanwata. Gobe za a dake ta gaban mutane a kan abin da ba ita ta yi ba."

Mai zuba shayi ya tsaya da butar a sama. Wani dattijo ya ja littafin gabansa ya shafa yankan da yatsa, ya ce lallai hannun Alhaji ne, ya mayar. A wurin mutanen nan, da suke ɗaukar dukiyar mutane daga teku har bakin hamada ba takarda ba shaida, babu maganar da ta fi wannan nauyi a kan mutum. Kuma ɗansa ne ya faɗe ta.

Kailu ya cire hularsa. Takardar na ciki, an ninke ta huɗu, zufa ta bi layin ninkin ta yi duhu. Ya miƙa masa bai dube shi ba.

"Gaggafa dai ko ba hoto na san ta," in ji shi. "Tun ina kiwo take ɗauke mana 'yan awaki. Ubanka ne bai yarda da bakin mutane ba."

Ba a yi masa tayin shayi ba. Kafin ya fita daga tashar ya ga ɗaya daga cikin direbobin ya miƙe yana kaɗe riga, ya nufi hanyar kasuwa.

Bas ɗin Treichville ya daɗe bai zo ba. Da ya zo, Labaran ya sami kujera kusa da taga, ya shimfiɗa gaggafa a kan gwiwa yana goge ninkin da gefen hannu. Ba ya fita. Tsuntsuwar na tsaye a kan busasshen reshe, jar fuska, layi ɗaya ya raba ta a ƙirji, wani ya gicce shi. Ya juya bayan ya karanta. An ce takan yini a sama tana shawagi, ba ta cika kaɗa fiffike ba. Jimloli gajeru ne, irin na yara. Ya karanta har ƙasa, ya sake daga farko.

Dogayen benayen unguwar Plateau a rufe suke, tituna fayau. Suka hau gada, ruwan lagun, tafkin da ya raba garin, a ƙasa kamar dalma. Shi ma barin karatunsa da sati guda ya fara. Yana aji huɗu a kwaleji aka yi rasuwa a Tawa, Baba ya ce ya riƙe rumfa sati guda. Baba ya yi wata huɗu. Da ya dawo ba wanda ya hana Labaran komawa, ba kuma wanda ya ce ya koma. Kunya ce ta fara riƙe shi, daga baya sabo. Ya san yadda abin yake. Ba a korar mutum. Safiya ce guda ake bari ta wuce, sauran su biyo ta.

A Arras ya sha tambaya kafin ya sami gidan. Dogon gini ne mai ɗakuna a jere, kowace ƙofa da murhunta da igiyar shanya. Malam Ɗantani na ɗakin ƙarshe, ɗan siriri, gemu fari, alluna jingine da bango. Ya san Labaran tun yana yaro. Ya karɓe shi da fara'a, ya tambayi Alhaji da Inna da mutanen Williamsville ɗaya bayan ɗaya. Da Labaran ya faɗi abin da ya kawo shi, fara'ar ta ragu kaɗan, Malam ya shiga tattara alƙaluma da ba su buƙatar tattarawa.

Ya ce ya zaga kasuwar Treichville kaf da hoton, ba mai kan mujiya. Ga shi kuma abin na gaggawa ne. Jaririn maƙwabciyarsa, Baraka, ciwon nan ya kama shi mai sa yaro fizge-fizge, wanda mata ke cewa na tsuntsu ne. Mijinta ma'aikacin jirgin fito ne, ba ya gida sai dare. Jiya da safe ta faɗo masa ɗaki da yaron a hannu ya sandare. Ya duba abin da ke gare shi, babu. Sai ya tuna siffar abu ma tana da rabonta daga abin. Ya yi rubutunsa, ya ninke tare da hoton, ya kai wa baduku a yi laya.

"An ɗinke?"

"Tun jiya. Tana wuyansa."

Labaran ya sake yin bayanin nan karo na uku a yini guda, tuta da bulala da jarrabawa, muryarsa ta zama kamar ta mai karanta wasiƙar wani. Malam ya saurara har ƙarshe. Bai yi gardama ba. Ya ɗaga gefen buzunsa ya ɗauko reza a takardarta, ya aje gaban Labaran.

"Haƙƙin yarinya haƙƙi ne. Ban san aro ba ne. Fata ce kawai, ɗinki huɗu, takardar ba abin da ya same ta. Amma ni na ɗaura, ba zan kwance ba. Zo in kai ka."

Ɗakin Baraka ƙofa biyu ne daga na Malam. Duhu, zafi, ƙamshin turaren wuta da zarnin fitsarin jariri. Tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, yaron a kan cinyarta, tana masa fifita da murfin kwali. Ba za ta wuce shekara ashirin ba. Yaron ɗan wata bakwai ko takwas, idanu rabi a buɗe, ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri. Layar na nan a kan ƙirjin, jar fata sabuwa, ta yi masa girma.

Malam ya yi mata bayani da Julanci, a taƙaice. Ta dubi Labaran, ta dubi rezar da ke hannunsa. Ba ta roƙe shi ba. Tafin hannunta kawai ta ɗora a kan layar, ta ci gaba da fifita da ɗayan.

Labaran bai yarda takarda mai hoton mujiya za ta hana ciwo ba. Ya san inda aka buga ta, ya san tawada ce da injin. Taku biyu ne tsakaninsa da ita. Minti ɗaya zai yanke ɗinkin, ya zare hoton, ya bar musu rubutun Malam, baduku ya sake ɗinkewa. Da yamma littafi ya cika, gobe Zalihatu ta miƙa shi. Ya tsaya yana jin sanyin rezar ta cikin takardarta. In yaron ya mutu yau da dare, matar nan za ta rayu tana sanin ranar da kuma fuskar wanda ya shigo.

Ya miƙa wa Malam rezarsa.

Don kada ya fita haka kawai, ya tambaye ta ko sun je asibiti. Ta ce sun je ran Juma'a, an yi wa yaron allura, an ba ta takarda, ta adana. Ta zaro ta daga ƙarƙashin filo. Labaran ya kai ta bakin ƙofa. Rubutun likita ne, a gurguje, amma aikinsa ke nan. Ba shaidar zuwa ba ce kamar yadda ta ɗauka. An rubuta a dawo da yaron kowace safiya har kwana uku, a ƙarasa allurar. Jiya ta wuce. Yau ma rana ta karkata.

Ya faɗa mata. Ta ce ba wanda ya gaya mata. Wataƙila an gaya mata da Faransanci.

Shi ya tare tasi, shi ya yi magana a ƙofar asibiti, shi ya tsaya gaban teburin mai jinya tana masa faɗa kamar shi ne uban yaron, tana cewa kullum haka suke, sai abu ya lalace. Bai gyara mata ba. Suka zauna a benci fiye da awa biyu, littafin na kan gwiwarsa. Da aka kira su, mai jinyar ta ture layar gefe da ɗan yatsa ta ɗora abin awonta a ƙirjin yaron, ta ce a kwantar da shi. Labaran ya aika a gaya wa mijin a tashar jiragen fito, ya yi wa Baraka sallama. Ba ta ji shi ba.

Rana ta yi ja lokacin da woro-woro, tasin haɗaka, ta sauke shi a Williamsville. Bai ci komai ba tun safe. Ya jiƙa ƙaro a murfin gwangwani, ya yanka siraran takardu, ya zauna a bakin ƙofa yana liƙa ungulu da gaggafa a mazauninsu. Zalihatu ta tsuguna kusa da shi. Ta ga ramin ƙusa, ta ga ninkin. Ta juya zuwa wajen ƙarshe.

"Saura mujiya."

"Ba za ta dawo ba."

Ya gaya mata inda take. Bai ƙawata ba, bai kuma ce ya yi daidai ba. Ta saurara tana murza gefen zanenta. Ta tambaya ko Madam za ta yarda da wannan labari. Ya ce bai sani ba. Ta ce to ita dai ta faɗa tun safe, ba za ta je ba. Duk maganganun da suka zo masa an taɓa yi masa su, kuma ba su mayar da shi ko'ina ba.

Ana shirin kiran magariba Alhaji ya shigo. Bai amsa sannu da zuwan kowa ba. Ya wuce Labaran kamar bai gan shi ba, ya shige ɗakinsa. Suka ji ƙarar kwaɗon adaka, wadda ba a buɗe ta sai shekara-shekara. Inna ta bar abin da take yi ta tsaya.

Ya fito da wani ƙunshi na farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa. Ya zauna a kujerarsa, ya aje shi a kan tabarma, ya kwance da kansa. Shaho ne, cikakke, busasshe, fikafikai a naɗe, faratan a dunƙule, ko gashi ɗaya bai zube ba. Labaran bai taɓa ganinsa ba. Inna kuwa ta sani, don ta kama baki. Ta ce a hankali, na mahaifin Alhaji ne, da shi ya baro gida.

"Yau tun la'asar mutum uku suka zo rumfata," in ji Alhaji, yana kallon bango. "Ba saye suka zo ba. Shekara talatin ba a taɓa zuwa gaishe ni irin wannan gaisuwa ba. Ban taɓa cin kayan kowa ba. Ba zan fara da na mace, baƙuwa, mai koya wa 'yata karatu ba. Tsuntsu na ɗauka, tsuntsu zan mayar. Nata na takarda ne."

Labaran ya buɗe baki zai ce ba haka ake yi ba, cewa Madam Akisi na iya kurma ihu, ko ta kira darakta, ko ta jefar da shi ta taga. Ya dubi fuskar tsohon, ya rufe bakinsa.

"Ke za ki kai mata da hannunki," Alhaji ya ce wa Zalihatu. "Ki ce Inusa ne ya yanka, ba ke ba. In bulala ce, rumfata ba ɓoyayya ba ce. Wannan kuma ya raka ki, tunda ya iya magana gaban mutane."

Ya tashi ya ɗauki buta.

Zalihatu ta daɗe tana kallon tsuntsun. Sannan ta jawo littafin, ƙaron bai gama bushewa ba, ta buɗe a hankali ta nemo shafin shaho, ta aje kusa da shi. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta taɓa bakin da ɗan yatsa.

"Sun yi kuskure a ƙafar," in ji ta. "Ta fi haka tsawo."

Labaran ya jingina kansa da bango ya rufe ido. Yana ta juya yadda zai fara jimlar da Faransanci, gaban yara sittin, da gawar tsuntsu a hannu, ko wace ya ɗauko sai ta watse. Ya ji Zalihatu ta miƙe, ta shiga ɗaki, tana tambayar Inna ko akwai sauran gawayi a dutsen guga, rigarta ta lakwal ta yamutse.